Siririyar tayar kabu-kabu ta fi dacewa da hanyoyin Maraɗi

A wani garejin babura da ke gefen birnin Lyon na Faransa, wani yaro ɗan ƙasarmu mai kai wa mutane abinci gida ya nuna wa makaniken hoton wansa a waya, yana bisa kabu-kabu a hanyar Madarunfa da buhun gero biyu a baya. Baturen ya duba, ya yi dariya, ya ce wannan ai tayar keke ce aka ɗaura wa babur, mai hankali zai cire ta ya sa mai faɗi. Yaron bai ce uffan ba. Maganar ta yi mini ciwo, domin mutumin gwani ne a kan baburan ƙasarsu, amma bai taɓa taka rairayin da ke cikin hoton ba. Kuma na san samari da yawa a gida ra'ayinsu ɗaya da nasa, suna cusa wa Kasea da Haojue ƙatuwar tayar baya don babur ya yi kama da na cikin bidiyo.

Bari in faɗa muku inda faɗin taya ya samo asali a nan Faransa. Ranar Lahadi in rana ta fito, za ka ga masu manyan babura sun yi jerin gwano zuwa duwatsun Vercors, kowa cikin rigar fata tun daga wuya har idon sawu, da hular kwano mai gilashi, wasu har da faifan roba a gwiwa saboda gogar kwalta. Hanyar kwana ce bisa kwana, kwalta sumul, ba rami, ba akuya. In sun tsaya shan kofi sai su zagaya suna leƙen tayoyin juna, a ga wanda ya kwantar da babur har gefen tayarsa ya ci. Baburan nan injinsu cc 600 ne zuwa 1000, manyansu suna kai ƙarfin doki 200. Tayar gaba 120/70-17, ta baya 180/55-17 ko 190/55-17, a kan rim mai faɗin inci 5.5 ko 6. Robar laushi gare ta, tana kama kwalta sosai in ta ɗauki zafi, kuma tana cinyewa da wuri. Tayoyin biyu sukan haura Yuro 250, wato sama da jika 160 na sefa, ban da kuɗin aiki. Da sanyi ya shigo sai a rufe babur da bargo a gareji har bazara. Michelin, da hedkwatarsa ke Clermont-Ferrand, ya fitar da tayar babur samfurin radiyal a 1987, kuma irin wannan ginin ne ya ba da damar yin taya mai faɗi da gajeren gefe. An yi ta ne don ƙarfin doki ɗari da wani abu ya samu inda zai dafa ƙasa.

Babur ɗin kabu-kabu cc 100 ne zuwa 150, ƙarfin doki 8 zuwa 12. Taya 2.75 a gaba da 3.00 ko 90/90 a baya ta ishe shi har da saura. Lambar 2.75 da 3.00 faɗi ne da inci. A ɗaya tsarin kuma, 90/90-18 na nufin faɗi milimita 90, tsayin gefe kashi 90 cikin ɗari na faɗin, rim inci 18.

Matsalar farko tana wajen rim. Rim ɗin baya na waɗannan babura yawanci inci 1.60 ne ko 1.85, wasu 2.15. Taya 110/90 tana son rim 2.15 zuwa sama, 130/70 kuwa tana son 3.00 ko 3.50. In aka matse ta a rim 1.85, bakinta biyu sukan haɗu ciki, bayanta ya yi tudu. Sai ka ga taya ƙatuwa a ido, amma abin da ke taɓa ƙasa bai kai na tsohuwar ba. Tsakiya ta cinye da wuri, gefe yana nan sabo fil har a jefar da ita. A kwana kuma babur yakan yi kamar zai faɗa ciki farat ɗaya, saboda siffar da kamfani ya zana ta lalace. In mai faci ya bar tsohon tiyub ƙarami a ciki, yakan miƙe fiye da ƙima ya yi siriri, ƙayar aduwa ɗaya ta gama da shi. In ya sa babba ya naɗe, wurin naɗin ne zai tsage.

Sai lissafin tsayi, wanda kusan ba mai yin sa. Rim 18 milimita 457 ne. Da taya 90/90, tsayin ƙafar duka, rim da taya, ya zama milimita 619. Da 110/90 ya zama 655. Bambancin milimita 36, kusan kashi 6 cikin ɗari. Ga inji wannan daidai yake da a ce kullum yana tashi da giyar da ta fi ƙarfinsa. Tashi ya yi nauyi, musamman da fasinja biyu, sai direba ya riƙa jan kuloci yana murɗa mai, faifan kuloci ya ƙone kafin lokacinsa. Ga nauyin robar kanta da injin zai riƙa juyawa duk tashi, birki kuma ya tsayar duk tsayawa. Mai kabu-kabu yana tashi yana tsayawa wuni guda tsakanin Babbar Kasuwa da unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo, shi ne zai ga bambancin wajen mai sayar da mai a kwalba. Faɗin ya ƙaru da milimita 10 kowane gefe, don haka a duba tsakanin taya da sarƙa, da sandar da ke riƙe birkin baya, da murfin taya in an danne shokzoba da kaya. In ɗan yatsa bai shiga ba, taɓon damina zai cike wurin ya riƙa gurzar gefen taya.

Masu son faɗi suna da hujja biyu, kuma ban raina su ba. Ta farko rairayi. Gaskiya ne taya mai ɗan faɗi a baya ba ta saurin nutsewa a hanyoyin Dakoro da Mayahi ko a gindin Gulbi da rani. Amma a dubi baburan gasar Dakar, wadda ta sha ratsa Tenere da Agadas: tayar gabansu 90/90-21 ce, siririya doguwa, ta baya 140/80-18, alhali injinsu ya ninka na kabu-kabu ƙarfi sau da yawa. Abin da ke ɗaga babur bisa rairayi shi ne tsawon wurin da taya ta kwanta, kuma rage iska ne ke ba da shi. Daga bar 2 (bar shi ne awon ƙarfin iskar taya) a sauko zuwa 1.4 ko 1.5, a tafi da giya ta biyu ko ta uku ba tare da sakin mai ba, a mayar da nauyin jiki baya, kada a taɓa birkin gaba. Kada a sauka ƙasa da haka da taya mai tiyub, domin takan zame a kan rim ta fizge bawul, ko rim ya cije tiyub a kan dutse ya huda shi wuri biyu. Da an hau kwalta a mayar da iska.

Hujja ta biyu kaya. A nan ma lambar da ta dace a duba tana bayan lambar faɗi. Taya 3.00-18 mai 47P tana ɗaukar kilo 175. Wadda aka rubuta 52P da 6PR, faɗinsu ɗaya, tana ɗaukar kilo 200 kuma gefenta ya fi kauri. Mai ɗaukar buhuna zuwa Ɗan Isa ko Jibiya wannan ya kamata ya nema. In rim ɗinsa 2.15 ne, yana iya hawa mataki ɗaya, daga 90/90 zuwa 100/90, kamar yadda Boxer 150 ke zuwa da 100/90-17 daga kamfani. Fiye da mataki ɗaya ado ne kawai.

Akwai abin da ya kamata mu ɗauka daga Turawan nan, ba zan ɓoye ba. Ba sa auna iska da babban yatsa ko da bugun ƙafa. Ma'auni suke sawa, da safe kafin taya ta yi zafi. Ga irin baburanmu, kusan bar 1.75 a gaba, 2 a baya, 2.25 in da fasinja, sai dai in takardar da ke manne jikin babur ta faɗi wani abu daban. A zafin Afrilu da Mayu iska takan ƙaru in an yi tafiya, kuma kuskure ne a sace ta a lokacin, don da ta huce za ta gaza. Dokarsu ta hana zanen tayar babur ya gaza milimita 1, kuma tun 15 ga Afrilun 2024 babura ma suna zuwa binciken lafiya na dole. Suna kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Wanda zai sayi taya a kasuwarmu ya duba wannan, don robar da ta shekara biyar ko shida tana shan rana ta bushe ko da zanenta bai taɓu ba.

Amma ku tambayi mai taya 190 abin da yake yi in ƙusa ta shige shi ranar Lahadi. Garejin babura a rufe, da yawansu har Litinin. Yakan tsaya bakin hanya sanye da riga mai ƙyalli, ya kira kamfanin inshora, ya jira motar ɗauka, motoci na wucewa. Sai a ba shi rana, domin tayar ba ta fita sai da inji, kuma in hudar ta kusa gefe ba za su yarda su like ba, sabuwa zai saya. A Maraɗi ka tura babur kaɗan ka iske mai faci gindin dogon yaro da ƙarfen banɓare biyu, da kwanon ruwa, da gam. Kafin ku gama gaisawa ya gano hudar. Tayar 2.75 da 3.00 da tiyub ɗinsu akwai su a Tibiri, akwai su a Gidan Rumji da Tasawa, akwai su ranar kasuwar ƙauye. Wanda ya sa 130/70 ya fasa ta bayan Sabon Mashi sai dai ya ɗora babur a amalanke. Wannan tsarin namu mutane ne suka gina shi da hannunsu, kowane mai faci yana ciyar da gida da shi, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙannenmu su fita daga cikinsa don hoton waya ba. Abin da nake roƙon masu faci shi ne kowa ya sayi ma'aunin iska ya rataye kusa da famfo, ya kuma ƙi ɗaura 120 a rim 1.60 ko da mai babur ya ƙara masa kuɗi.