Zargin fyaɗen da ya daɗe: mu daina yanke hukunci a waya

Ƴan uwana matasa dan Allah ku ba ni aron kunnenku. Duk ran da wata ta fito ta ce an lalata ta tana ƙarama, shekara 15 ko 20 baya, kafin la'asar mun rabu gida biyu a Facebook, waɗannan na cewa ina take tun lokacin sai yanzu, waɗancan kuma har sun ɗora hoton mutumin sun yaɗa shi gari ya ɗauka. Wallahi abin nan yana ci min rai, don babu ko ɗaya a cikinmu da ya ji shaida.

Ku duba shari'ar George Pell, tsohon babban limamin Katolika a Ostareliya. A Disambar 2018 kotu a Melbon ta same shi da laifin lalata da yara biyu ƴan ƙungiyar waƙar coci, abin da aka ce ya faru tun 1996. Ɗayan yaron ya rasu a 2014, saura mutum ɗaya tak da ya ba da shaida, kuma aka yarda da maganarsa, aka yanke wa Pell shekara 6. Ya yi sama da kwana 400 a kurkuku, sai a ranar 7 ga Afrilun 2020 alƙalai 7 na kotun ƙolin ƙasar baki ɗayansu suka soke hukuncin.

To a nan nake so ku natsu. Alƙalan nan ba su ce mai ƙara maƙaryaci ba ne fa. Cewa suka yi ko an ɗauka shi mai gaskiya ne, akwai wasu shaidu da masu gabatar da ƙara ba su rushe maganarsu ba, sun ce in an tashi daga ibadar Lahadi Pell kan tsaya a bakin coci yana gaisawa da jama'a, kuma muddin yana sanye da kayan ibada akwai limamin da ba ya rabuwa da shi, sannan ɗakin da aka ce abin ya faru a lokacin cike yake da masu shiga da fita. Wannan ya isa ya sa shakka, in kuwa akwai shakka mai tushe ba a ɗaure mutum. Mu ma ai mun san wannan, malamanmu sun karantar da mu cewa shubuha tana kawar da haddi, kuma Suratun Nur ta sa bulala 80 ga mai ƙazafi.

Amma kar wani ya riƙe wannan ya ce duk wadda ta yi jinkiri ƙarya take. Akwai ƴar uwata da sai bayan ta haifi ƴaƴa uku ta iya faɗa min abin da wani ya yi mata tana ƙarama, muna tsakar gida tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta tuna kalar labulen ɗakin da warin turarensa amma ta kasa tuna ko wace shekara ce. Da ta gaya wa gwaggonta a lokacin cewa aka yi ta rufa wa gida asiri, wa zai aure ta. Irin wannan in ta shiga kotu lauya ya tsare ta da wace rana wane wata ƙarfe nawa dole ta daburce, ba don ƙarya take ba, shekaru ne suka cinye hujjar.

Saboda haka in ƙanwarka ko ƙaninka ya zo maka da irin wannan magana kar ka hau shi da faɗa, kar kuma ka garzaya intanet. In abin yanzu ya faru ka kai shi asibiti a ranar kafin a yi wanka, a adana kayan da ke jikinsa ba a wanke ba, ka rubuta rana da lokaci da wanda ya fara gaya wa, saƙonnin waya kar a goge ko ɗaya, sannan ku wuce wajen ƴan sanda tare da wani babba da ba zai bari a kashe maganar a zaure ba.