Na hau Stelvio da keke, amma hankalina yana Hawan Kibo

Shekarata ta bakwai kenan a arewacin Italiya, ina aiki a wata masana'antar ƙarfe kusa da Brescia, kuma ni ɗan Jos ne, a can aka yanke min cibiya. Na faɗi haka ne don a san dutse ba baƙona bane, mun taso muna ganinsa ta ko'ina, amma wallahi sai da na zo nan na san cewa mutum zai iya tashi da asuba ya ɗauki keke ya nufi kan dutse ba don kasuwa ba, ba don biki ko ta'aziyya ba, kawai don ya hau. Da na fara gaya wa mutanen gida a waya cewa na shiga wannan harkar, Kawuna cewa yayi "kai kuma wahalar da ka baro a gida bata isheka ba?" Ban ji haushi ba, don na san daga inda maganar ta fito. A wajenmu hawa wuri ne na addu'a da riƙe numfashi, ba wurin yawon shan iska ba.

Wurin da nake magana sunansa Stelvio, mashiga ce a kan tsaunukan Alps tsakanin garin Bormio da yankin Tirol ta Kudu, tsayinta mita 2,757. Don a gane, Jos ɗinmu da muke taƙama da sanyinta wajen mita 1,200 take, Chappal Waddi kuma wanda babu dutsen da ya kai shi a duk Najeriya mita 2,419 ne. Kenan kwalta ce shimfiɗaɗɗiya da ta wuce ƙololuwar ƙasarmu gaba ɗaya da sama da mita 300. Kuma ba jiya akayi ta ba, daular Ostiriya ce ta gina ta daga 1820 zuwa 1825 lokacin yankin Lombardiya, inda Bormio take, yana hannunsu, injiniyan sunansa Carlo Donegani, babu katafila babu tifa, hannu ne da diga da dawaki. In ka taso daga ƙauyen Prato zakayi wajen kilomita 24 kana hawa, ka ɗaga sama da kusan mita 1,800, kuma kwana 48 ne a hanyar, ba kwanan barci ba, kwanar hanya, irin wadda sai ka juya sitiyari ya ƙure. Kowace kwana an rubuta mata lambarta a gefe, kana farawa daga 48 kana ƙirgawa ƙasa har ka kai ta 1 a can sama.

Farkon zuwana a mota ne, wani abokin aikina ɗan nan ƙasar ya ɗaukeni. Tunda muka wuce ƙauyen Trafoi na riƙe ƙofa ina ta hasbunallahu, shi kuma yana ta hira abinsa, yana nuna min dutsen Ortler da ƙanƙara a kansa a tsakiyar watan Yuli. Abinda ya fara bani mamaki ba tsayin bane, yadda direbobi suke ne. Mun haɗu da wata mota a wuri matsattse, mai saukowa ya tsaya ya raɓe ya bamu hanya ba tare da hon ko zagi ba, abokina yace haka dokar tuƙinsu tace, a hanyar dutse mai gangarowa shi ke ba mai hawa hanya. Sannan ga masu keke birjik, tsofaffi masu furfura, mata, samari, mota zata bi bayan mai keke a hankali har sai ta samu fili kafin ta wuce shi. Ni da na san yadda ake ture mai keke zuwa cikin lambatu a titin Bauchi Rod kawai sai nayi shiru.

Bayan shekara biyu na hau da ƙafata, da keken da na saya na hannu. Awa uku da wani abu na ɗauka, na tsaya sau biyar, kuma daga wajen kwana ta 20 iska ta fara yi min kaɗan, kana jan numfashi kamar baya isa ƙirji, cinyoyi suna zafi, ga bangon hanyar kana hangensa a sama ya lanƙwashe kamar igiyar da aka naɗe a jikin dutse. Wani dattijo da ya haifeni ya zo ya wuceni yana cewa "dai, dai", wato ƙara himma, na bi bayansa har kwana ta 6. A sama sanyi ne sosai duk da rana tana haske, don duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ruwan da nayi alwala dashi sai da yatsuna suka sandare. Na samu gefe na yi azahar ina kallon kwarin da na fito, babu wanda ya kalleni sau biyu. Can gaba kaɗan akwai wani tudu da suke kira ƙololuwar harsuna uku, inda masu Italiyanci da Jamusanci da Romansh suka haɗa iyaka, kuma a yaƙin duniya na farko sojoji sun yi ta kashe juna a cikin ƙanƙarar wajen, har yau akwai ragowar ramukansu.

To ga abinda nake so in faɗa, kuma na san wasu zasu ce na zama bature. Bambancinmu dasu ba dutsen bane, kuma ba wai su basu da aikin yi bane kamar yadda muke yawan cewa. Dattijon nan da ya wuceni ƙila shekara arba'in yayi a gaban inji kamar ni. Bambancin shine su sun ɗauki hanyar dutse a matsayin abu mai rai da ake kiwonsa. Daga wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba ana rufe Stelvio ruf, dusar ƙanƙara ta binne ta, sai wajen ƙarshen Mayu a turo motocin kwashe ƙanƙara, a duba bango, a gyara inda ya zabtare, sannan a buɗe. Kowace shekara haka, babu fashi. Kuma rana ɗaya wajen ƙarshen Agusta ana hana motoci hawa kwata-kwata a bar wa masu keke, dubban mutane suke zuwa, masu otal da masu abinci na Bormio da Prato su ci kasuwa. Tun 1953 da babbar gasar keke ta Italiya wato Giro ta fara bi ta wajen, har ɗan tseren keke Fausto Coppi ya yi fice, sunan hanyar ya zaga duniya, yanzu hanyar da kanta ita ke ciyar da garuruwan da ke gindinta.

Mu kuma fa? Babana direban babbar mota ne, Allah ya jiƙansa, shekaru yana bin hanyar Jos zuwa Akwanga, kuma duk ranar da zai sauka Hawan Kibo Innarmu bata iya cin abinci sai ya kira ko ya aiko. Na bishi sau da yawa ina yaro, na san warin birki in ya ɗau zafi, na san yadda karen mota yake dira da weji a hannu in mota ta fara ja da baya, na ga gawarwakin tireloli a cikin kwari sun yi tsatsa. Baba yana cewa giyar da ka hau da ita da ita zaka sauka, wanda ya dogara da birki a gangara ya sayi likkafaninsa. Abin mamaki wannan maganar ita ce dai abokina ɗan Italiya ya gaya min a kan Stelvio, kusan kalma da kalma. Kenan ilimin muna dashi, direbobinmu ba jahilai bane, abinda ke kashe mu shine lodin da ya wuce ƙa'ida, da taya da ta suɗe, da rami a tsakiyar kwana wanda zai shekara ba'a cike ba, da ƙarfen gefen hanya da mota ta buge tun ina firamare ba'a mayar ba. Hawan Kibo ko kusa bai kai Stelvio tsayi ko kwana-kwana ba, amma shi ake tsoro.

Wanda ya fi ci min rai ma Mambila ce. Na je Gembu sau ɗaya kafin in fito, muka bi ta Bali da Serti, daga Mayo Selbe aka fara hawan da ake kira Biyu da Sisi, kuma ina rantsuwa abinda idona ya gani a can sama, korayen tuddai, shanu, hazo yana bin ƙasa, gonakin shayi na Kakara, tsofaffin Land Rover suna ta fama da kaya, babu abinda Alps zata nuna masa in banda ƙanƙara. Da hanyar nan a ƙasar nan take da tuni an sa wa kowace kwana lamba, da akwai ranar keke, da samarin Nguroje da Maisamari suna da shagunan gyaran kaca da faci suna samun na kansu. Na san akwai maganar tsaro, ba zan yi kamar ban sani ba, mutum ba zai hau keke a inda yake tsoron a tare shi ba. Amma tun kafin tsaro ya lalace ma bamu taɓa kallon wuraren nan da wannan idon ba.

Sai kuma raina keke da mukeyi. A gida in aka ga magidanci a kan keke sai ace karayar arziki ce, alhali mutumin da ke ɗauko buhu uku na gawayi a kan tsohon Raleigh daga ƙauye zuwa cikin gari kullum, in aka bashi irin keken da nake hawa mai nauyin kilo tara, wallahi da yawan masu kayan ƙyale-ƙyalen nan ba zasu ga ƙurarsa ba. Ƙarfin yana nan, ba'a taɓa ce masa abin alfahari bane.

Saukowa na yi ta ɓangaren Bormio, na sa rigar iska, ina matsa birki kaɗan-kaɗan ina saki kamar yadda Baba ya koya min a mota, na bi ta cikin ƙananan ramukan da aka fasa a jikin dutse ruwa yana ɗiga a kaina. Da na iso ƙasa na kira Kawu na tura masa hoton kwanonin daga sama, yayi shiru can yace "ashe haka wajen yake". Nace masa in Allah ya kaimu Disamba zan zo da keken a jirgi, ya nemo mana mota zuwa Mayo Selbe, ni in hau bayan sallar asuba shi ya biyoni a baya da ruwa.