Yesu Ya Mayar Da Yaron Ga Ubansa

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Yau ina so mu ɗan waiwayi Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Ƙasar ta faɗa yaƙi a 1996, aka sake wani mafi muni daga 1998 zuwa 2003, gabashinta kuwa har yanzu bai huta ba. A watan Janairun 2025 ma 'yan tawayen M23 suka kame birnin Goma da ke gabashin ƙasar. Duk inda yaƙi ya ratsa, yara yake bari a baya. A Goma ana ce wa masu kwana a titi maibobo. A Kinshasa, babban birnin ƙasar, ƙiyasin da aka saba ambatawa ya kai yara dubu 20, suna kwana a rumfunan kasuwa da bakin magudanan ruwa, suna dako da rana, da dare su shaƙi sholisho don su manta da yunwa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana shi ne, da yawa daga yaran Kinshasa ba harsashi ne ya raba su da gida ba. Iyayensu na raye, ko ƙanin uba, ko goggo. Yaƙi ya karya tattalin arziki, maigida ya rasa aiki, uwa ta rasu, an kawo sabuwar mata, tukunya ba ta isar kowa. Sai a fara neman wanda ya jawo wa gidan tsiya. Ido ya sauka a kan yaron da ba shi da mai tsaya masa: mai fitsarin kwance, mai farfaɗiya, mai magana cikin barci, ko dai maraya mai taurin kai. A ce maye ne.

Daga nan kuma ina ake kai shi? Coci. Wani da ke kiran kansa annabi ya ɗora masa hannu ya ce lalle ya gani, akwai maita. A kulle yaro kwana da kwanaki ba ci ba sha da sunan azumi, a yi masa duka, wasu har a zuba musu barkono a ido, sai ya amsa cewa shi ya ci uwarsa. Yaro ɗan shekara bakwai da ya kwana uku bai ga abinci ba, me za a ce ya faɗa ya ƙi? Iyaye su biya kuɗin "kuɓutarwa", bayan haka ma gidan bai yarda da shi ba, ya ƙare a titi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta rahoto a kan wannan a 2006, kuma a 2009 ƙasar ta kafa dokar kare yara da ta mai da zargin yaro da maita laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Doka ta yi nata. Amma abin kunya ne a ce sai gwamnati ce za ta hana masu riƙe da Littafi Mai Tsarki azabtar da ƙananan yara.

Ku buɗe Luka sura 9, daga aya 37. Wani uba ya kawo tilon ɗansa, aljani na kayar da shi yana kumfa a baki. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai tuhumi yaron da komai ba. Bai sa an ɗaure shi ba, bai nemi ko anini ba. Ya tsawata wa aljanin, ya warkar da yaron, aya 42 ta ce ya mayar da shi ga ubansa. A Yohanna 9 kuma, da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Mu ne dai har gobe muke son a nuna mana mai laifi. Duk mai ɗaga hannu a kan yaro da sunan Yesu, ya je ya karanta Matiyu 18:6, inda aka yi maganar dutsen niƙa a wuya da zurfin teku.

Godiya ga Allah, a Kwangon nan ɗaya akwai bayinsa da suka fahimci aya 42. A Kinshasa akwai ORPER, wata ƙungiyar kula da yaran titi, wadda wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, Fada Frank Roelants, ya kafa a 1981. Ma'aikatanta kan fita da mota da dare zuwa inda yaran ke kwana, su wanke musu gyambo, su ba da magani, su zauna a yi hira. 'Yan Don Bosco, wata ƙungiyar limaman Katolika, suna da gidan Bakanja a birnin Lubumbashi da cibiyar Ngangi a Goma, inda ake ba yara wurin kwana da makaranta, ana koya musu kafinta, walda da gini.

Kada ku ɗauka aikin mai daɗin hoto ne. Yaron da babba ya ci amanarsa ba ya yarda da kowa. Yau ya zo ya ci ya yi wanka, gobe ya gudu da takalmin wani, jibi a sake fita nemansa. Mafi wuya shi ne bin sawun danginsa, a sami gidan, a zauna da matar uban da ta kore shi, a koma sau da yawa ana lallashi har a yarda cewa talauci ne ya shigo gidan, yaron bai ci kowa ba. Wani gidan ya karɓa, wani ya rufe ƙofa.

To, 'yan'uwa, kada mu ce na Kwango ne kawai. Kalmar maye ba baƙuwa ba ce a bakinmu, rikici kuma ya bar mana namu marayun. Dattawan ikilisiya, idan aka kawo muku yaro ana cewa shi ya hana gida ci gaba, ku fara tambaya yaushe ya ci abinci, wa ke riƙonsa, an kai shi asibiti kuwa? Farfaɗiya tana da magani. Iyayenmu mata na zumunta, kun fi kowa sanin gidan da ake cuzguna wa ɗan riƙo, ku shiga tun bai kai ga tashar mota ba. A addu'ar iyali ta daren yau kuma, ku ambaci yaran Goma da Kinshasa da Lubumbashi, da masu fita nemansu cikin dare.