Kiran uwa da sunan uwa ya zama laifi?

Wani labari da na karanta ya ce masu ra'ayin riƙau a Amurka na yi wa sababbin kalmomin masu sassaucin ra'ayi ba'a, kuma wallahi ina bayan masu ba'ar. A 2021, daftarin kasafin kuɗin gwamnatin Biden ya kira iyaye mata "mutane masu haihuwa". Haba jama'a! Matar da ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, ta kwana tana jijjiga jariri a baya, a ce sunan uwa ya yi mata nauyi? Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ga kuma "Latinx" da aka laƙaba wa 'yan asalin Latin Amurka, alhali binciken da Pew, wata cibiyar nazarin ra'ayoyin jama'a a Amurka, ta fitar a 2020 ya nuna kashi 3 cikin ɗari ne kacal suke kiran kansu haka.