Ranar da Teku Ya Taya Ni Zane

Ƙanwata ce ta jawo mini, da ta ba ni kyautar akwatin allin fastel mai launi 48. Abin da ya ruɗe ni sauƙinsa: ba ruwa, ba buroshi, ba jiran bushewa. Garin launi ne aka cure da ɗan ƙaro, ka goga a takarda mai kaushi, ka murza da yatsa, shi ke nan. Na kuma karanta cewa Edgar Degas, mai zanen nan na Faransa, da irin wannan alli ya zana gaɓar tekun Normandi a 1869. Na ce ai shi ma hannu biyu gare shi.

Ƙarfe 10 na safe na isa bakin teku. Na samu wani fili shimfiɗe, yashinsa sumul, ko sawun mutum babu. Har ina mamakin yadda jama'a suka bar wuri mai kyau haka suka takure can sama. Ina kafa katakon zanena mai ƙafa uku, sai ga wani dattijo da komarsa a kafaɗa.

"Malam, nan za ka zauna?"

"Nan, Baba. Haske ya fi kyau."

Ya dubi ruwa, ya dube ni. "To, Allah ya ba da sa'a."

Na amsa da amin, ina ganin ya yaba da basirata.

Farkon aiki shi ne layin da sama ta haɗu da ruwa, kuma dole ya miƙe sak. Nawa ya karkace, kamar tekun zai tsiyaye ta hannun dama. Na ɗaga dama, hagu ta faɗi. Na ɗaga hagu, dama ta faɗi. Haka muka yi ta hawa, har sama ta rage faɗin yatsa uku. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Sai zancen launi. Ƙa'idar fastel ita ce a fara da masu duhu, masu haske su zo daga ƙarshe, domin kaushin takarda shi ke riƙe garin, idan ya cika kuma ba ya karɓar ƙari. Ni kuwa kumfar igiyar ruwa ce ta tafi da ni, na fara da fari, na danna shi da ƙarfi. Da na ɗora shuɗi a kai na murza, sai tekun ya koma kalar ruwan wanki. Na ƙara kore. Na ƙara shunayya. Tsakanin haka na share gumi, na sosa hanci, na kori wani ƙuda daga kunne, duk da yatsun aiki.

Gari ya taru a kan takarda. Masu sani bayanta suke ɗan bugawa ya zube ƙasa. Ni na cika kumatu na hura, iska ta dawo mini da shi cikin hanci. Atishawa ta uku ce ta haɗu da wata iska mai ƙarfi, katako ya kifa, zane ya faɗi rub da ciki. Da na ɗaga shi, yashi ya manne a ɗan abin da ya rage na sama.

Ina tsince yashin ɗaya bayan ɗaya na ji sanyi a idon sawu. Ashe teku sau biyu yake cika a yini, kowace cika tana ɗaukar kusan awa shida, kuma filin nan da na ga ba kowa, ɗakin kwanansa ne. Kafin in juya, akwatina yana yawo kamar kwalekwale. Fastel kuwa da ya ji ruwa sai ya zama taɓo. Na ceto 29. Shuɗayen duk sun tafi, kamar dama jiran 'yan'uwansu suke.

Na hauro da katako a kafaɗa, takalmi ɗaya a hannu. Dattijon nan yana zaune yana ɗinkin koma, bai ce komai ba, kafaɗunsa kawai ke rawa. Wani yaro ne ya tare ni, ya ƙura wa fuskata ido.

"Kawu, dukanka aka yi?"

A gida na ɗauko ruwan feshin da ke kama garin don kada ya zube. Kaɗan ake fesawa, daga nesa, saboda yana sa launi ya yi duhu. Wannan bayani yana jikin gwangwanin, na karanta shi bayan na jiƙe takardar sharkaf. Ina kallo hantsina ya koma almuru.

Da yamma ƙanwata ta zo, ta tsaya gaban zanen ta daɗe.

"Yaya, wannan magaribar ta yi kyau. Har da taurari ka sa?"

Na leƙa. Ƙwayoyin yashi ne ke ƙyalli.

Na ce mata taurarin su suka fi ba ni wahala.