Ga yadda maganar talo-talon nan ta faru, tunda an ƙi bari

Tunda abokinmu ɗan Kumasi ya riga ya watsa bidiyon da ya ɗauke ni a wurin farautar talo-talo a guruf kowa ya yi dariyarsa ya ƙoshi, har waɗanda ko barka da sallah ba sa amsawa sun fito da ƙarfinsu, to bari ni ma in faɗi nawa, don shi bidiyon daga tsakiya ya fara.

Kun dai san Baturen wurin aikinmu, mai gemun nan da ya ci kilishi ranar suna ya yi ta share hawaye. Tun lokacin sanyi yake damuna wai sai mun je farautar talo-talon daji, saboda wata rana na ce masa kakana mafarauci ne. Kuma ba ƙarya na yi ba, ni kaina na sha harbin zabi da danƙo ina yaro. A jihar New York farautar ta bazara daga 1 ga Mayu take zuwa 31, mu kuma sai da wata ya kusa ƙarewa muka samu hutu. Ni ba ni da lasisi don sai an yi kwas, saboda haka ba bindiga, ɗan kallo ne ni. Amma na ɗauki wuƙata mai kaifi, na ce in ya harbo da sauran rai ni zan yanka. Ɗan Kumasi kuwa ba wanda ya gayyace shi, ji ya yi ana maganar, ƙarfe biyun dare na fito na tarar da shi jingine da mota da filas ɗin shayi.

Daga Bronx a birnin New York muka miƙa sai duwatsun Catskill, muka yi asuba a gefen mota ana rawar ɗari. Bature ya haska ni da tocila ya ga jar hular sanyi a kaina, wallahi saura kaɗan ya mai da mu gida. Wai kan namijin talo-talo ja ne da fari da shuɗi, in ka sa ɗaya cikin launukan nan a daji wani maharbin na iya ɗauka kai ne naman. Ya ba ni kayan sojan nan masu zanen ganye, wandon ya yi min yawa na ɗaure da igiyar takalmi, ku riƙe wannan a ranku.

Muna tafe cikin duhu yana ta bayani ƙasa-ƙasa. Wai a bisa bishiya suke kwana, gari na wayewa su sauko. Mai gemu kawai doka ta yarda a harba, gemun ma a ƙirji yake, kuma sha biyun rana na yi an tashi. Ya ce ƙarshen wata shi ne mafi wuya: matan sun kwanta kan ƙwai, ganye ya rufe daji ba ka hango nesa, mazan da suka rage kuwa tsofaffin 'yan duniya ne, sun ji kowane irin kiran ƙarya tun farkon wata, in ka kira sai su amsa sau ɗaya su yi gaba abinsu. Ya tsaya ya yi kukan mujiya da baki, wai shi ke sa su firgita su amsa. Shiru. Ya fito da wani ɗan akwatin katako yana goga murfin yana fitar da kukan mace. Shiru, sai ƙananan ƙudajen nan baƙaƙe masu cizo da suka gano bayan kunnena.

Da hantsi ya fara ya ce mu zauna gindin bishiya kar mu motsa, idon tsuntsun nan ko ƙifta ido ka yi zai gani, shi zai zagaya bayan tudu ya saurara. Shayin ɗan Kumasi kuma ya fara aiki, na tashi in ɗan zaga.

Ina gamawa na ɗaga kai, sai ga shi.

Jama'a, a bakin wani fili, ƙato, ya baje jela ya kumbura, gemu har yana taɓa ciyawa, yana ɗan juyawa hagu yana juyawa dama a hankali. Duk mai cewa da shi ne da ya gane, ƙarya yake. Gashin jelar nan na gaske ne, na tsuntsu, kuma yana motsi. Na ce a raina yau Bature zai san jikan wa ya ɗauko, shi da bindiga da akwatin kuka bai ga ko gashi ba, ni zan kamo da hannu. Na kwanta na fara jan ciki. Raɓa ta jiƙa ni sharkaf har singileti, ƙaya ta kama min gwiwa na cije, ƙudan nan suna ci ina jin su ba halin kora. In ya juyo in lafe in daina numfashi, in ya ba ni baya in ƙara matsawa. Har wani daɗi nake ji ina cewa ashe abin a jini yake. Ina ja wandon nan yana zamewa, ina ja yana zamewa, na ce bari in gama da tsuntsu tukuna. Na kai inda nake ganin jan wuyansa sosai, na lura ko ƙifta ido ba ya yi, na ce tsoro ne ya kama shi. Na yi bisimilla, na daka tsalle na rufa masa da duk nauyina.

Ƙarar da ta fito irin ta tsohon bokitin roba ce in an zauna a kai. Kan ya lotse, jelar ta fita ta yi gefe, sandar ƙarfen da aka kafa shi a kai ta zungure ni a haƙarƙari, wando ya tsaya a gwiwa. Ina kwance rungume da roba, sai na ji fuka-fuki fafafafa daga bakin daji, na waiga na ga na gasken, wanda ya fi wannan girma, ya tashi ya bi ta saman bishiyoyi. Ban ma san suna tashi haka ba da wannan jikin.

Sai bishiya ta yi magana.

Wallahi haka na gani, gindin bishiyar da ke gabana ya motsa ya cire ƙyallen fuska, sai ga wata tsohuwar Baturiya, furfura fat, bindiga a kan cinya. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, ɗan saurayi ka gama? Na ce sannu mama, ina kwana. Ina kwance fa, hannu ɗaya riƙe da wando. Ta ce tun ina can nesa ta hango ni, ta cire harsashi ta ajiye, ta zauna kallo, don tun tana budurwa take farauta a dajin nan ba ta taɓa ganin mai kama talo-talo da kokawa ba, tana so ta ga ƙarshen abin. Wancan da ya tashi kuwa tun farkon wata take bibiyarsa, yau ne ya fara yarda ya nufo ta. Sannan ta yi min karatu a natse, cewa ba a yi wa talo-talo sanɗa, zama ake a kira shi ya zo, kuma masu rarrafe zuwa wurin na roba da ake kafawa don jawo na gaske su ake kwasa zuwa asibiti. Ina ta to mama, to mama. Ta kalli wuƙar da ke ƙuguna ta ce wannan fa? Na fara bayanin yanka, na ga abin ba zai fito daidai ba na yi shiru.

Duk wannan ɗan Kumasi na bayan wata bishiya da waya a hannu. Wato ya ga na tashi, ya biyo ni, ya gane roba ce tun daga nesa, shi da bakinsa ya faɗa a mota, amma bai ce min kanzil ba. In kun saurari bidiyon da kyau wannan shessheƙar da kuke ji tasa ce, yana toshe baki. Mutumin da na ɗauko daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan da jaka ɗaya, ya kwana a falona har ya samu ɗaki, ni na koya masa shiga jirgin ƙasa. Shekaranjiya na kira shi na ce ya goge, wai Malam ai bidiyon ya riga ya je Kumasi ya dawo, ƙanwarsa ma ta tura wa na Accra. Kuma har yanzu bai ba da nasa kason na kuɗin mai ba, kilishin da na tafi da shi shi ya cinye rabi tun kafin mu fita gari, kuma duk hanyar dawowa ba abin da yake tambayar Bature sai ko in an harbo za a bar masa gindin talo-talon ya soya. Wane gindi? Wa ya harbo? Maganar adashi ma ban taɓo ba, wannan sai mun haɗu a masallaci ranar Juma'a.

Bature dai da ya dawo ya yi ta ba tsohuwar haƙuri, fuskarsa ta yi ja fiye da hular da ya hana ni sawa. Na ciro kuɗi in biya ta ƙi karɓa, ta ce in tafi da shi tunda ni na kama. A mota bai yi min magana ba sai da muka kusa gida, shi ma cewa ya yi in duba jikina da kyau saboda kaska, kaskar yankin nan tana sa wata cuta da suke kira Lyme. Na duba kuwa na samu ɗaya a bayan gwiwa, uwargida ce ta cire da ɗan hantsaki tana dariya har hannunta na rawa, sai tambaya take wai Abban yara a tukunya za ta sa shi ko a gasa.

Robar tana nan a baranda yara sun ɗaura mata ɗankwali. Likita ya ce in sa ido a wurin cizon ko zai yi ja. Wanda ke da lambar ƙanwar ɗan Kumasi don Allah ya turo min.