Shekara takwas ina kiwon tuzurai

Da na dawo daga aikin Hajji a 2016, tsarabata ba ta wuce ta kowa ba: zamzam, carbi, turare, sai kwalin dabinon Ajwa da na saya a Madina a kan kuɗin da har gobe ban faɗa wa uwargida ko nawa ba ne. Baƙi wuluk, mai laushi, ka jefa a baki ka rasa inda ya bi. Kwana uku 'yan sannu da zuwa suka yi masa, ya ƙare tas. Ina kallon ƙwallayen a faranti sai dabara ta faɗo mini. Me zai sa mutum ya riƙa kai wa Larabawa riyal, alhali ga iri a hannu, ga fili a bayan gida?

Na zaɓi ƙwallo bakwai, albarkacin hadisin nan na cin Ajwa bakwai da safe. Na jiƙa, na binne. Uku suka tsiro. Akuyar maƙwabci ta yi kalaci da ɗaya, saura biyu. Na kewaye su da ƙaya, daga baya waya, daga baya bulo, har uwargida ta ce banɗakinmu ma bai samu irin wannan gata ba. Da rani kuwa, kura guda nake saya wajen ɗan garuwa duk mako, ba don wanka ko girki ba.

Laifina babba shi ne baki. Tun suna da ganye huɗu na kai labari majalisa, aka laƙaba mini Alhaji Mai Ajwa, ni kuma ina amsawa har da gyara hula. Na yi wa liman alkawarin kwano biyu, surukina kwano uku, mai shayi kuma muka daidaita a kan zai jira bashinsa har a yi girbi. Mutumin kirki ne, ya jira.

A hunturun shekara ta takwas sai ga wani kwanso ya kunno kai a tsakanin ganyen babban, ya tsage, fure ya bazo fari fat, ga ƙamshi, in ka taɓa sai gari ya zubo kamar fulawa. Bayan mako ƙaramin ma ya yi. A ranar na yanka zakara. Muka zuba ido, furen ya bushe, ya kaɗe, ko ɗa ɗaya bai ƙulla ba. Na ce bakin mutane ne. Na ƙara taki, na tofa addu'a, na daina gaisawa da maƙwabcin nan mai akuya na kwana biyu.

Ɗan ƙanwata da ya karanta aikin gona shi ya ji tausayina, ya ɗauko mini wani dattijo daga wajen Dutse, inda dabino yake a gida, har da tashar bincike a kansa. Baba ya zagaya su sau ɗaya, ya tsinko busasshen fure ya murza, ya shinshina.

"Alhaji, su biyun nan ka ce kana jira su haihu?"

"Su fa, Baba."

"To Allah ya ba ka haƙuri. Wannan ƙato ne, wancan ma ƙato ne."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe dabino kamar mutane yake, akwai namiji akwai mace, kowa da bishiyarsa. In ka shuka ƙwallo, kusan rabi maza za su fito, kuma ba ka da hanyar ganewa da ido sai ranar da suka yi fure, bayan ka gama zuba shekaru da ruwa. Na ce to da ƙaddara ta ba ni mace, ai da yanzu ina cin Ajwa. Baba ya girgiza kai. Ƙwallo, in ji shi, ɗa ne, yana da uwa yana da uba, kuma uban nan wa ya san shi? Sai ka shuka na mai zaƙi ka samu mai bauri, nama kaɗan ƙwallo ƙato. Mai son ainihin uwar, 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta yake yankowa da saiwarsu ya dasa. Wannan ba ɗa ba ne, ita ce da kanta ta sauya mazauni, mace ce tabbas, kuma ta fi saurin haihuwa.

Sai na tuna mangwaro. Duk yaron unguwa ya san in ka shuka ƙwallon mai aure, sau da yawa mai zare kake samu. Ni da furfurata ban haɗa lissafin ba.

Ɗan ƙanwata ya ga na yi tsuru-tsuru, ya shiga ba ni baki da ilimi. Wai dabinon Medjool da ake ji da shi a Amurka, asalinsa dashe 11 ne da aka ɗauko daga Maroko a 1927, tara suka rayu, daga gindinsu aka yi ta yanka ana dasawa. Wai kuma a Isra'ila masana sun tsirar da wani ƙwallo mai kimanin shekara 2,000 a 2005, duniya ta yi ta murna, da ya girma sai ga shi namiji. Wannan kam ta sanyaya mini rai. Ni takwas kawai na jira.

Da ya tsaya nan da mun rabu lafiya. Sai ya ƙara da cewa, "Kawu, ai ko masu noman wiwi sun riga ka gane wannan. Ita ma namiji da mace ce. A Kanada, inda aka halatta ta tun 2018, reshen macen da suka yarda da ita suke yanka su dasa, don kada iri ya haifo musu maza."

Na ce, "A gidana, gaban dabinon Madina, kake kawo mini misali da wiwi?" Uwargida, da ashe tana bayan labule tun ɗazu, ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ta ce ai tun da ta ga suna ci suna sha ba sa kawo komai gida ta san maza ne.

Na so a kawo gatari a ranar. Baba ya hana. Namiji ɗaya mai kyau, in ji shi, yana isar mata kusan hamsin in da hannu ake barbara, kuma nawa sun ci sun ƙoshi, garinsu ya fi na gonarsa yawa. Da hunturu ya zagayo ya aiko jikansa da tsani, ya yanke furannin, ya naɗe a takarda ya tafi da su. Bayan wasu watanni sai ga rabin buhun dabino, ja, ɗan gida, an ce in ji Baba, tukwici.

Na auna wa liman kwano biyu, surukina uku, na kai wa mai shayi nasa har teburi. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kalle ni.

"Alhaji, Ajwa ba baƙi ba ne?"

Na ce, "Ci kawai. 'Ya'yan dabinona ne, ta wajen uba."